Yadda Filibus Ya Sa wa Marigayi Ari Tabarau

Idan ka taɓa bi ta bayan kasuwar kifi ta Haɗeja a shekarun da Jigawa take sabuwar jiha, ka ga wani dogon mutum da fensir a bayan kunne ya tsaya yana hararar allon shagon wani, to Filibus ka gani. Ba rigima yake nema ba. Layi ne ya karkace a jikin allon, shi kuwa karkataccen layi har ciwon kai yake sa masa, ko da ba shi ya zana ba, ko da mai shagon bai tambaye shi ba.

Mutumin Pankshin ne. Ya biyo kawunsa malamin makaranta a shekarar tamanin da huɗu, wai zai yi ɗan hutu ya koma. Aka yi wa kawu canjin wurin aiki, ya ɗaure kayansa ya yi gaba, Filibus kuwa ya riga ya ɗanɗana farfesun tarwaɗa, ya ce shi kam ya iso gida. Ya kama hayar zauren Hajja 'Yar'azumi, wata Babarbariya da iyayenta suka taso daga bakin tafkin Chadi, ya jera gwangwanayen fenti, ya zama mai rubuta allo da zana tambari. Da ya auro Rahila, Hajja ta buɗe musu ɗakin da ke kusa da nata, ta ce ba da ita za a kwantar da amarya cikin warin fenti ba. Tun daga nan burabuskon Hajja bai taɓa sauka ba a ɗiba wa "Filibu" ba. Haka take kiransa, kuma ya gaji da gyara mata ya haƙura.

Ga yadda yake aikinsa. Ka kawo masa hoto, na kalanda ne ko na jikin gwangwanin madara. Sai ya manna shi a gilashin taga inda rana take bugowa, ya ɗora takardar da ya shafa wa man gyaɗa har ta yi shara-shara, ya bi gefen abin da fensir, layi guda, ba ɗagawa ba komawa baya. Daga nan ya raba zanen gida-gida, ya girmar da shi yadda kake so, ko na ƙofar shago ko na gefen babbar mota. In kuwa a buhuna za a buga, sai ya yanke zanen da reza a jikin tsohon fim ɗin hoton ƙashi, a ɗora a shafa fenti. Rabin buhunan shinkafar fadamar nan, ta cikin haƙarƙarin wani bawan Allah tambarinsu ya bi.

Doka ɗaya gare shi, kuma kowa a unguwar ya haddace ta don yawan ji: "Abin da ba layi ba ne, datti ne." Inuwa datti, tabo datti, tamoji datti. Shu'ibu mahauci ya taɓa ba shi aikin zana bijimin sa a allonsa, aka kawo allo, sa ya fito sumul, baya a miƙe tun daga wuya har wutsiya.

"Filibus, ina tozon?"

"Yana ɓata layin baya, na cire."

"Kai jama'a! Tozon nan shi mutane suke rububi tun da safe, shi ne ka cire mini?"

'Yan takarar kansila ne kawai ba su taɓa kuka da shi ba, don yana mayar da su samari. Sai dai a lokacin da ake zaɓe ta hanyar tsayawa a bayan hoton ɗan takara, an yi wani daga wajen Kaugama da Filibus ya goge wa fuska tas, har mahaifiyarsa ta zo ta wuce hoton ɗanta ta je ta tsaya a bayan na abokin hamayyarsa. An gaya wa Filibus, ya ce ai wannan matsalar tsohuwa ce, layinsa dai bai karkace ba.

To, mijin Hajja, Ari, ya rasu tun kafin Filibus ya zo garin. Masunci ne, irin waɗanda suke kifa ciki a kan ƙatuwar gora su bi kogi da homa. Gorar tana nan rataye a ɗakin Hajja, ta yi baƙi don hayaƙin turaren wuta. Hoto kuwa babu, ko ɗaya. Ari bai yarda da masu hoto ba. An ce da ya hango mutum da akwatin nan a wuya, sai ya rungumi gorarsa ya faɗa ruwa.

A shekarar casa'in da takwas idon Hajja ya soma tafiya. Ta zuba wa Filibus gishiri a shayi, ya shanye ya yi godiya. Ta gaida turmi a tsakar gida, ta zaci Rahila ce a tsugune. Aka kai ta wurin likitan ido a Kano, ya duba ya ce wannan ba irin wanda ake kankarewa ba ne, ɗan ganin da ya rage da wuya ya wuce damina mai zuwa. Hajja ta ce Allah ya ba ta aron ido shekara da shekaru, in ya karɓi abinsa ba ta da ƙara. Ta faɗa da bakinta, amma Rahila ta ga yadda take daɗewa tana kallon komai, har kaji.

Ana cikin haka sai ga Ya'u, tsohon abokin kamun kifin Ari, ya faɗo gidan ko sallama bai gama ba, yana ɗaga wata takarda da ta jiƙe da mai. Ƙosai ya saya a tashar Birniwa, aka ƙunshe masa a yagen tsohuwar jarida. Ya cinye, zai goge hannu, sai ya ga hoto: wasu manya sun kai ziyara dausayin garin Baturiya shekarun baya, an jeru a bakin ruwa, can a gefe ga wani ya rungumo giwan ruwa yana shirin gudu. Ari ne. Mai hoto ya rutsa da shi kafin ya kai ga gorarsa.

Hajja ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nesanta, ta juya wajen haske. Fuskar ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ba ta ga komai ba sai duhu-duhu da ƙanshin ƙosai.

"Filibu," ta ce, "kai da kake mayar da kaza ta kai girman mota. Girmar mini da shi in gan shi kafin fitilar nan ta mutu. Ba ratayewa zan yi ba, gani kawai."

"Hajja, an gama," in ji Filibus, har da buga ƙirji.

Ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu ya ɗora a kan fuskar. Babu fuska. Ɗigo-ɗigo ne kawai na baƙin tawada, manya da ƙanana, don haka ake buga hoto a jarida. Duk yadda ya matso, sai mutumin ya ƙara watsewa. Wato a bisa dokar Filibus, Ari gaba ɗayansa datti ne.

Amma da ya manna takardar a taga, rana ta bugo ta baya, sai ga layi. Da'ira biyu, tsaf-tsaf, daidai kan idanu, da wani ɗan sanda da ya haɗa su a kan hanci. Filibus ya yi ajiyar zuciya. Wannan kam layi ne na gaske, wanda ba ya jayayya. Ya bi su da fensir, ya ƙago haɓa mai kyau, ya daidaita kunnuwa biyu kamar an auna, ya girmar a kan farin katako da baƙin fenti mai kauri. Ya sa Rahila ta kira Ya'u, aka shimfiɗa tabarma, ya yaye zanen da ya rufe katakon da shi.

Hajja ta matso ta daɗe tana kallo.

"Sannu da aiki, Filibu. Wane alƙali ne wannan?"

Ya'u ya riga ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki. "Tabarau! Ari da tabarau! Mutumin da yake hango kurungu a ƙarƙashin laka! Wayyo Allah cikina, yaushe ya shiga makaranta ban sani ba, bayan ya mutu?"

Rahila ce ta ɗauki yagen jaridar ta juya bayansa. Tallan keke ne. Man ƙosai ya sa takardar ta yi shara-shara, ƙafafun keken biyu suka ɓullo ta gaba suka zauna a kan idanun marigayi.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwar kifi. Filibus ya zo wucewa, masu banda suna ɗaga masa hannu: "Likita, kakana ma ba ya gani sosai a kabari, ko za a taimaka?" Shu'ibu mahauci kuwa ranar har tsire ya raba kyauta. Tsiyar ba ta dami Filibus ba kamar abin da ya gani da ya koma gida. Hajja ta jingina katakon a inuwa, ta juya fuskarsa bango don kada ya ji kunya, ta kuma aiko masa da abincinsa kamar kullum. Kunya ta kama shi, da tsoro, don gizagizai sun fara haɗuwa ta gabas.

A lokacin akwai wani matashi, Ɗahiru, da ya buɗe shago kusa da tasha, da injin fotokofi da kwamfuta. Kwamfutar tana da rigarta ta leshi, kuma sai ka cire takalmi kafin ka shiga inda take. Filibus ya daɗe yana cewa wannan akwati ba zai taɓa jan layi kamar hannun mutum ba, don haka ranar da ya je sai da ya zagaya ta bayan tasha kada a gan shi.

Ɗahiru bai yi masa dariya ba, ko da yake ya ji labarin keke. Ya sa baƙar takarda a bayan yagen jaridar don kada tallan ya sake leƙowa, ya kifa shi a kan gilashin sikana, haske ya bi ta ƙarƙashi, hoton ya fito a fuskar kwamfuta.

"Ka ga, Malam Filibus, hoto iri biyu ne a wurinta. Akwai na ɗigo, irin wannan, in ka ja shi sai ya farfashe. Akwai na layi, irin naka, wanda ko girman bango ka ja shi yana nan sumul. Kuma tana iya bin gefen na ɗigo da kanta ta mayar da shi na layi."

"Da kanta?"

"Da kanta. Zauna ka gani."

Ya danna. Kwamfuta ta yi ta gurnani, janareta ya yi tari a waje, suka zuba ido. Can sai ga aiki ya fito. Baiwar Allah ta bi kowane ɗigo ɗaya bayan ɗaya ta zagaye shi da layi mai tsabta, dubbai, ba wanda ta manta.

Filibus ya leƙa. "Wannan ai ƙwan kifi ne."

"Ƙwan kifi ne," Ɗahiru ya amsa, yana sosa ƙeya. "Abin da ta gani ta bi. Ba ta san Ari ba."

"Ni ma ai ban san shi ba," in ji Filibus a hankali.

Don kada ya tafi hannu wofi, Ɗahiru ya girmar masa da fuskar a injin fotokofi, ya sake girmar da girmamammen, har ta cika takardu da yawa da aka haɗa da gam, kowane ɗigo ya kai ƙwayar gurjiya. Filibus ya naɗe ya kawo gida don dai kada ya watsa wa yaron ƙasa a ido. Ya manna a bangon zaure, ya ce ko ba komai zai riƙa goge burushi a jiki.

Washegari da hantsi yana tsugune gab da bangon yana dama fenti, Hajja ta fito daga ɗakinta can ƙarshen tsakar gida, da buta a hannu. Ƙofar zaure a buɗe take. Sai ya ji buta ta faɗi. Ya waiga, ya ga tsohuwa tana lalubar mayafinta tana jawo shi kan goshi, kamar yadda mace take yi in maigida ya shigo ba zato.

"Ari," ta ce. "Kai ne ka tsaya a zaure kamar baƙo?"

Filibus ya dubi bango. Gurjiya. Ya dubi Hajja, hawaye na bin tsagen fuskarta. Ya ja da baya, ya ƙara ja, ya fita tsakar gida har ya taka kwanon kaji, ya kanne idanu ya bar ɗan siriri. Sai ɗigon suka narke suka haɗu, ga mutum yana kallonsa a firgice, baki a ɗan buɗe, yana neman hanyar gudu. Idon Hajja da ya dushe shi yake haɗa abin da lafiyayyen idonsa yake rarrabawa.

"Hajja, kada ki motsa daga nan! Rahila, kawo mata kujera!"

Ya tsoma babban burushi a jan fenti, don siririn layi ba za ta gan shi ba. Aikin da aka yi ranar, maƙwabta sun zaci mota ake fitarwa daga laka. Hajja daga nesa tana gani ba ta iya zanawa, Filibus a kusa yana zanawa ba ya gani.

"Sauko! Sauko! Tsaya! Ka wuce, ɗan nan, haɓarsa ba ta kai nan ba, ba akuya ba ne. Yi dama. Damarka, ba tawa ba!"

Hanci ya fito a karkace. Filibus ya ce bari ya ɗan miƙar da shi. Hajja ta ce in ya taɓa hancin nan ya nemi wani zauren, gora ce ta buge shi yana yaro kuma haka ta aure shi. Ta sa ya ja tsagen Barebari a kumatu, waɗanda shi ya ɗauka karcewar takarda ce. Da aka zo kunnen hagu, ya zagayo da burushi sumul yadda ya saba.

"A'a. Koma. Akwai giɓi a sama."

"Hajja, wannan ɗigo ne ya ɓace wajen bugawa."

"Ni zan gaya maka ko kai za ka gaya mini? Ina budurwa na je bakin kogi da ƙugiyar yayana, na wulwula zan jefa, ban san akwai mutum a bayana ba. Na ja, na ji nauyi, na ce yau na yi babban kamu. Ashe kunnen Ari ne. Ya biyo ni har gidanmu yana jini, wai sai an biya shi. Babana ya ce me kake so, ya nuna ni."

Rahila ta yi guɗa. Filibus ya cije leɓe, ya karya layinsa da hannunsa, ya yi giɓin.

Saura abu guda, kuma shi ne ya tsaya masa a rai. Takardar bango ta yau ce kawai. In damina ta wuce, ko girman masallaci aka yi hoton, Hajja ba za ta gan shi ba. Ya naɗe takardar ya koma wurin Ɗahiru, wannan karon ta gaban tasha. Suka rage ta a inji, suka sa a kwamfuta, Ɗahiru ya riƙe linzamin kwamfutar yana dasa ɗigo a kan jan layin, Filibus na tsaye a kansa yana cewa nan, nan, a'a can. Kwamfuta tana haɗa su da lanƙwasa mai kyau, aka share gurjiyar gaba ɗaya, Ari ya tsaya shi kaɗai a farin fili. Filibus ya yarda a ransa cewa akwatin ya iya jan layi, amma bai faɗa ba.

"Akwai wani wuri da in na danna zai goge duk wani ƙwarzane," in ji Ɗahiru, don ya san halin mutuminsa. Ya danna. Hanci ya miƙe, kunne ya cike, kyakkyawan saurayi ya fito.

"Kai! Kai! Mayar! Wa ya ce ka taɓa masa kunne?"

"Malam Filibus, ai datti ne."

"Dattin gidanku! Mayar mini da shi yadda yake!"

Ɗahiru ya mayar yana dariya har da hawaye, ya ce zai ba Shu'ibu mahauci labari, ko Allah zai sa a mayar wa sa tozonsa.

Suka buga zanen daidai girman da Filibus ya auno. Ya roƙi Hajja ta sauko masa da gorar Ari, ta ba shi ba ta tambayi dalili ba. Ya manna takardar a ƙirjin gorar, inda cikin Ari ya goge ta ta yi santsi, ya bi layin da tsinin wuƙa, ya zurfafa shi da ƙarfe mai zafi yadda masu ƙwarya suke yi, har ya zama kwari da yatsa zai iya bi.

Damina ta zo, kogi ya cika ya malala cikin fadama, ganin Hajja ya tafi kamar yadda likita ya faɗa. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, tana zaune a bakin ƙofarta, Filibus ya durƙusa ya ɗora mata gorar a cinya, ya kama yatsanta ya sa a kan goshin. Ya saki.

Yatsan ya bi kwarin a hankali. Ya sauko ta kumatu, ya ƙirga tsagen, ya zagaya haɓa, ya hau karkataccen hancin, ta yi 'yar dariya. Ta laluba wajen idanu ta ce, "Ka cire masa tabaran dai ko?"

"Na cire, Hajja."

Yatsan ya gangara hagu, ya hau kunne, ya faɗa cikin giɓin ya tsaya. Ta daɗe tana shafa wurin. Filibus ya kau da kai yana share ido da bayan hannu, ya bar jan fenti a kumatunsa.

"To," in ji Hajja, tana danna wurin da yatsa. "Nan na kama shi."